Warin gas a burtsatsen masana'antarmu da rijiyar maƙwabta: a zuƙe ruwan ko a haƙa wata?

Baban Ummi, Sharaɗa:

Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da janareta da injuna a wata masana'antar roba da ke rukunin masana'antu na Sharaɗa, kuma na zo neman shawarar waɗanda suka san sha'anin ruwan ƙarƙashin ƙasa, domin lamarin ya fi ƙarfin sanina. A bayan ɗakin janaretanmu akwai tankin gas na ƙarfe da aka binne tun kafin a ɗauke ni aiki, mai cin lita 33,000, wato lodin tanka guda. Tun bara na lura cewa abin da sandar awo take nunawa ba ya zuwa daidai da abin da ke rubuce a littafin sito, kuma da yake a wurin aiki irin namu giɓin mai ba shi da wani suna sai sata, har sau biyu aka sauya masu gadi, Allah ya yafe mana haƙƙinsu.

A watan Afrilu, da zafi ya tsananta rijiyoyi suka ja baya, ma'aikata suka fara ƙorafin cewa ruwan alwala yana wari. Na tari ruwan burtsatsenmu a farin bokiti na ajiye a inuwa, ba a jima ba sai ga wani siririn maiƙo mai launin bakan gizo ya kwanta a sama, wanda idan ka tsaga shi da tsinke nan take yake sake haɗewa. Bayan mako biyu wani dattijo da gidansa yake jikin katangarmu ta baya ya zo bakin ƙofa da gugansa a hannu, bai ce uffan ba, sai ya miƙo mini igiyar. Tana santsi, tana warin gas. Da muka kwashe man muka tone gefen tankin, sai muka tarar tsatsa ta huda gindinsa, ƙasar wurin ta yi baƙi tana naso.

Maigidanmu ya kawo shawarwari uku: ko a kunna sumo dare da rana ana zubar da ruwan a kwata har warin ya ɗauke, ko a zuba kulorin da alam a tankin sama, ko kuma a haƙa sabuwar burtsatse mai zurfi wadda za ta wuce wurin da man yake. Ni hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba, amma ba ni da hujjar da zan tare shi da ita. Ta ina ake farawa, kuma ta yaya za mu san iya inda man ya kai?

Injiniyan Ruwa, Gyaɗi-Gyaɗi:

Wa alaikumus salam, Malam Baban Ummi, Allah ya kawo mafita. Binciken ruwan ƙasa da haƙar burtsatse su ne sana'ata, kuma ba zan ɓoye maka ba, babu shawara ɗaya a cikin ukun nan da zan sa hannu a kanta, ta ukun ma ita ce ta fi ba ni tsoro. Gwajin tsinken da ka yi daidai ne, domin ƙwayoyin bakteriya masu rayuwa da sinadarin ƙarfe su ma suna yin irin wannan ƙyalli a kan ruwa, sai dai nasu farfashewa yake yi kamar ɓawon ƙwai, ba ya komawa ya haɗe. Naka mai ne.

Ruwa ya fi gas nauyi: lita ɗaya ta ruwa giram 1,000 ce, ta gas kuwa wajen giram 840. Saboda haka man da ya tsiyaye daga tanki yakan bi ƙasa ya sauka har ya cim ma ruwa, sannan ya kwanta a samansa ya bazu kamar man gyaɗa a kan miya. Daga nan ya rabu gida uku: wanda ya maƙale a jikin ƙasa, wanda yake yawo a kan ruwan, da wanda ya narke a cikinsa. Na ƙarshen nan ido ba ya ganinsa, kuma shi ne yake yin jela yana bin ruwa duk inda ya gangara, har ya shiga gidajen mutane.

Sai kuma yanayin ƙasar Kano. Birnin nan a kan tsohon dutse yake zaune. A sama akwai jar ƙasa da marmara, a ƙarƙashinsu ruɓaɓɓen dutse wanda yake riƙe ruwa kamar soso, can ƙasa kuma dutse mai tauri wanda ba ya ba da ruwa sai ta tsagoginsa. Rijiyar guga irin ta dattijon nan a ruɓaɓɓen dutse take tsayawa, burtsatse kuwa tsagogin ƙasa take nema. Idan kuka huda daidai wurin da man yake kuka zarce cikin dutse, musamman da irin aikin da yawancin masu haƙa suke yi, inda ba a cike bayan kesin, wato bututun da ake zura wa ramin burtsatse, da siminti yadda ya kamata, to kun buɗe wa gurɓataccen ruwa hanya zuwa tsagogin da unguwa guda take sha. Man da ya shiga tsagin dutse kuwa fitar da shi ya ninka wahalar wanda ke sama sau da yawa. Ina ma kyautata zaton ta bayan kesin ya samu shiga burtsatsen da kuke da ita yanzu.

Kunna sumo dare da rana shi ma yana da nasa sharrin. Yana jawo saman ruwa ya yi kwari a kewayen rijiyar, man ya bi kwarin ya sauka, ya shafe ƙasar da a da take da tsabta. Ruwan da za ku zubar a kwata kuma ba ɓacewa zai yi ba, rafin Salanta zai bi ya faɗa kogin Chalawa, inda masu lambu suke ban ruwa.

Abin da ake fara yi shi ne awo. A haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido, aƙalla uku, kuma kada a jera su a layi ɗaya, domin da maki uku ne ake gane inda ruwa yake gangarawa. A wuri irin naku ma ni biyar ko shida zan nema, ɗaya a sama da tanki inda ake zaton man bai je ba, ɗaya a gefensa, sauran a jikin katanga wajen gidaje. Dole sikirin ɗin kowace, wato sashen bututun mai tsagogi da ruwa yake shiga ta ciki, ya ratsa saman ruwa, wani sashe a cikin ruwa wani a waje, in ba haka ba man zai zauna a sama da tsagogin bututun, ku auna ku ce babu komai. Safiyo ya auna tsayin bakin kowace rijiya, sannan a auna zurfin ruwa a dukkansu rana ɗaya. Ana duba kaurin man da wata igiyar awo mai ƙara, wadda sautinta yake bambanta tsakanin mai da ruwa, in babu ita a zura siririn guga na roba mai gani-har-hanji. Sai dai kaurin da ake gani a rijiya yawanci ya fi wanda ke cikin ƙasa, don haka kada a yi lissafin lita da shi.

Akwai wata yaudara da nake so ka sanar da maigidanku tun yanzu. Ba banza ba ne warin ya bayyana a Afrilu. Idan ruwan ƙasa ya ja baya a ƙarshen rani, man da ke maƙale yakan tsiyayo ya taru a rijiya. Idan damina ta sauka ruwa ya taso, daga Agusta zuwa Satumba, sai ya danne man a cikin ramukan ƙasa, rijiya ta yi kamar ta warke. Wanda ya yi gwaji sau ɗaya da damina ya yi murna, bazara za ta ba shi amsa.

Malamar Ɗakin Gwaji, Kabuga:

Injiniya ya gama magana a kan ƙasa, ni zan tsaya a kan ruwan da lafiyar masu shan sa. Malam, kafin rijiyar sa ido ko guda, a daina sha, da girki, da wanka da ruwan nan, a masana'anta da gidajen da ke bayanku. Alam laka yake kwantarwa, kulorin ƙwayoyin cuta yake kashewa, babu wanda yake cire mai a cikinsu, kuma haɗuwar kulorin da irin waɗannan sinadarai tana iya haifar da wasu da ba a so. Tafasawa ma ba magani ba ce, domin abin da ya tashi daga tukunya huhun uwargida zai shiga.

Hanci ba ma'auni ba ne. Sinadarin da muka fi tsoro shi ne benzin, wanda an tabbatar yana haddasa sankarar jini. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ya wuce maikirogiram 10 (maikirogiram miliyan ɗaya ne giram guda) a lita ɗaya ta ruwan sha, a Amurka ma 5 suka sa. Ma'ana giram ɗaya tak ya isa ya kai lita 100,000 bakin iyaka, ruwan tanka uku ke nan irin wadda take kawo muku gas, kuma a wannan ƙanƙantar ba za ka ji warinsa ba. Ga 'yan'uwansa kuma, toluwin maikirogiram 700, zailin 500, etilbenzin 300. A kundin ƙa'idojin muhalli na harkar man fetur na Najeriya, wanda ake kira EGASPIN, idan jimillar mai a ruwan ƙasa ta kai maikirogiram 600 a lita, ko miligiram 5,000 a kilo ɗaya na ƙasa, wajibi ne a ɗauki matakin gyara. A lissafin takarda, lita ɗaya ta gas ta isa ta kai lita miliyan 1.4 na ruwa wannan mataki.

Gaskiya ne gas ba shi da benzin mai yawa kamar fetur, abin da aka fi samu a cikinsa shi ne naftalin da danginsa. Duk da haka ku biya kuɗin gwajin duka biyun, saboda idan aka ga benzin ya yi yawa, wataƙila akwai wani tankin fetur a kusa da shi ma yake yoyo, kuma gara ku san wannan tun wuri.

Inda na fi ganin ana asarar kuɗi shi ne wajen ɗibar samfur. Sau da yawa ana kawo mana ruwa a robar lemo, rabi iska, ya wuni a bayan mota cikin zafin Kano, sannan a yi ta murna sakamako ya fito babu komai, alhali abin da ake nema ya riga ya tsere. Ana fara zubar da tsohon ruwan da ya kwana a rijiya, kimanin ninki uku na abin da take riƙewa, a tara shi a durom. Na benzin ana zuba shi a 'yar kwalbar gilashi mai cin mililita 40, a cika ta har ruwan ya yi tozo a baki, a rufe, a kifa ta a ɗan ƙwanƙwasa; idan ƙwayar iska ko ɗaya ta taso, a sake ɗiba. Na jimillar mai kuwa a kwalba mai duhu ta lita ɗaya. A sa su cikin ƙanƙara, su isa ɗakin gwaji kafin kwana 7. Ka tambaye su ko da na'urar GC, mai rarrabe sinadarai ta auna kowanne daban, za su auna, kuma mene ne mafi ƙanƙantar adadin da take iya ganowa, domin na'urar da ba ta ganin ƙasa da maikirogiram 100 ba za ta iya shaidar cewa ruwa ya cika ƙa'idar 10 ba.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa, Dakata:

Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya. Ni ban yi karatun su Injiniya ba, amma na yi shekaru ina kula da tukunyar tururi a wata masaƙa a Bompai, lokacin da baƙin mai muke ƙonawa, kuma abin da ya zube a wurin juye shi sai dai mu watsa masa yashi mu share. Ba wanda ya taɓa tambayar inda yake tafiya.

Abu biyu zan ƙara. Na farko, kada ku bari dattijon nan ya kira masu yasar rijiya. Abin da kowane maigida zai fara yi ke nan, kuma na ga yadda aka jawo wani yaro da igiya daga rijiya a sume, jikinsa ya saki, sai da aka yi ta yi masa fifita kafin ya farfaɗo. Tsohuwar dabarar nan ta zura fitila a ga ko za ta mutu ma kada a gwada ta a rijiyar da mai ya shiga. A rufe bakinta, a sa kwaɗo saboda yara.

Na biyu, mutumin da ya zo ya miƙa maka igiya bai ce komai ba ya yi maka kara, kuma kara ba ta zama har abada. Ku je wurin mai unguwa da ƙafarku kafin a kira ku, ku faɗi abin da ya faru, ku ɗauki nauyin ruwan gidajen, ko tanka ku kawo ko ku riƙa biyan 'yan garuwa daga wata unguwar. Amma Injiniya, ina da ja a kan maganarka. Masana'antun Kano da kuɗin gas ma da ƙyar suke numfashi, yanzu ka ce rijiya shida da gwaji iri-iri, ai mai kamfani zai ce a rufe maganar. Mun kuma ji ana cewa ƙasa tana cinye mai da kanta. In haka ne, me zai hana a cire tanki a bar sauran ga lokaci?

Injiniyan Ruwa, Gyaɗi-Gyaɗi:

Baba, Allah ya ƙara girma, abin da kuka ji gaskiya ne, amma da sharaɗi. Akwai ƙwayoyin bakteriya a ƙasa masu cin mai, suna fara amfani da iskar oksijin, in ta ƙare su koma kan naitiret, da ƙarfe, da salfet, daga ƙarshe su riƙa fitar da iskar metan, wadda take kamawa da wuta, kuma wannan ya ƙara ƙarfafa gargaɗinku game da fitila. A garin Bemidji na jihar Minesota a Amurka bututun ɗanyen mai ya fashe a 1979, masana suka mayar da wurin fagen nazari. Sun ga cewa ƙwayoyin sun hana jelar gurɓataccen ruwan yin nisa sosai, amma shi man da ke kwance a ƙasa yana nan bayan fiye da shekara 40. Wato suna iya cin abin da ya narke, uwar man ce ba sa iya gamawa da ita da wuri. Zafin ƙasarmu yana taimaka musu, sai dai can babu gidan da yake jikin katanga. Kuma ba a cewa ƙasa tana cin mai sai an nuna a takarda cewa adadin yana raguwa daga awo zuwa awo, oksijin ya ragu a tsakiyar jela, ƙarfe narkakke ya ƙaru. Su rijiyoyin nan su ne shaidar, kuma ba su da zurfi, kuɗinsu bai kai na burtsatsen da maigidan yake niyyar haƙawa ba.

Game da gyara, Malam Baban Ummi, abin da ya fi arha shi ya fi amfani. A ciro tankin, a kwashe baƙar ƙasar da ke kewaye da shi gwargwadon yadda ba za a taɓa harsashin gini ba, a shimfiɗa ta a kan leda mai kauri a wurin da ruwan sama ba zai wanke ta ba, ana juya ta, ana ɗan jiƙa ta, ana ƙara mata taki, ƙwayoyin su yi aikinsu. Sabon tanki kuma a ɗora shi a sama a kan daɓen siminti mai katanga, inda ido zai ga ɗigo na farko. Man da ke yawo a kan ruwa a riƙa kwashe shi a hankali da siririn guga ko da tsumma na musamman mai shan mai ba ya shan ruwa, ana rubuta litar da aka samu, kuma rani ne lokacinsa. Zuƙo tururi daga ƙasa ya fi dacewa da fetur; shi gas ba ya saurin tashi, don haka hura iska a hankali cikin ƙasa domin ciyar da ƙwayoyin ya fi yi masa. Idan awo ya nuna jela ta tsallake katanga, a nan ne ake sa ƙaramin famfo ya tare ta, ruwan ya bi ta tankin raba mai da ruwa, sannan ta gawayin tacewa, a gwada shi kafin a zubar. A ci gaba da awo duk wata uku, aƙalla rani biyu da damina biyu, saboda adadin yakan sake tasowa bayan an kashe famfo.

Rufe maganar kuwa ba ya cikin zaɓi. Dokar da ta kafa hukumar NOSDRA, mai sa ido kan malalar mai a Najeriya, a 2006 ta wajabta kai rahoton malalar mai cikin awa 24, da tarar naira 500,000 a kan kowace rana ta jinkiri. Ku rubuta musu, ku ba Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano kwafi, haka nan hukumar NMDPRA wadda take ba da lasisin ajiye mai tun bayan dokar man fetur ta 2021. Wanda yake ganin jira ya fi arha ya duba rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni, inda a Nisisioken Ogale aka tarar da mai kaurin santimita 8 a kan ruwan ƙasa, da benzin fiye da ninki 900 na ƙa'ida a rijiyoyin da mutane suke sha, aka kuma ƙiyasta cewa gyaran yankin zai ci shekara 25 zuwa 30. Naku bai kama ƙafar wancan ba, amma hanyar ɗaya ce.

Baban Ummi, Sharaɗa:

Na gode ƙwarai, Injiniya, Malama, da Baba, Allah ya saka da alheri. Na buga bayananku a takarda na kai wa maigida. Maganar tsagogin dutse ce ta sa ya janye batun sabuwar burtsatse, lissafin giram ɗaya a tanka uku kuma ya sa ya yi shiru na ɗan lokaci. Mun kashe sumo, mun je wurin mai unguwa ranar Asabar, kuma da aka zagaya sai aka tarar ba gida ɗaya ba ne, gida huɗu ne suke jin warin, ɗaya ma ba a layin katangarmu yake ba, yana can gefen gabas, abin da ya ɗaure mini kai. Yanzu muna kai musu ruwa a tanka, an kuma rufe rijiyoyin. Takardar rahoto tana wurin lauyan kamfani, na matsa a aika ta gobe.

Saura tambaya ɗaya, Injiniya. Mai haƙar da muka kira ya ce da injinsa na burtsatse zai yi rijiyoyin sa idon, kuma na ga yana shafa wa haɗin sandunansa giris, sannan da gam yake liƙa bututun roba. Wannan ba zai ɓata samfurin da Malama take magana a kai ba? In zai ɓata, me zan ce masa ya yi amfani da shi a madadinsu? Ya ce ranar Laraba zai kawo injin.